Yaron da Kuka Auna Ba Ɗana Ba Ne

Zuwa ga Hajiya Shugabar shirin ziyarar gida-gida don kula da ƙananan yara da iyayensu mata, mai lura da shiyyar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinki. Allah ya sa haka, amin.

Ranki ya daɗe, sunana Haruna. Ni mutumin wani ƙauye ne a bayan Dangora, cikin ƙaramar hukumar Kiru. Shekara ta bakwai ke nan ina Fatakwal ina tuƙa motar rarraba ruwan leda. Gida sai da sallah, wata shekarar ma sai babbar kaɗai. Ba ki san ni ba, ni ma muryarki kawai na sani. Kwanakin baya na kama wata tashar gida a wayata, na ji ana hira da ke. Kika ce an gama tantance aikin shirinku, sakamako ya yi kyau, yaran da aka bi sun fita lafiya, har ana shirin faɗaɗa aikin zuwa wasu ƙananan hukumomi. Na tsayar da mota a gefen titi na saurara har ƙarshe. Ban ji haushin muryarki ba, don na ji alamar kin yarda da abin da kike faɗa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ɗana yana cikin yaran nan da kika ce sun fita lafiya.

Sunansa Idrisu, sunan mahaifina ne, shi ya sa a gida ake ce masa Abba. Shekararsa huɗu da wata takwas. Ba ya ji, ba ya magana. A rajistarku an rubuta cewa ya kammala shiri, yana ji, yana magana daidai da shekarunsa, an rufe shafinsa. Ofishinku yana da sashen da ke tura yara masu irin lalurarsa a sa musu na'urar ji a kuma fara koya musu magana, amma sai yaron da bai cika shekara biyar ba, kuma sai wanda rajista ta nuna yana da matsala. Saura wa Abba wata huɗu. Dalilin wannan takarda ke nan. Na rubuta ta a fili ne saboda na bi ta ƙofa sau uku ban samu shiga ba, kuma saboda ban yi tsammanin gidanmu kaɗai ne hakan ta faru ba.

Na farko, zan fara da abin da ba zan iya musantawa ba.

Ma'aikaciyar da kuka ba mazaɓarmu, Malama Rabi, mutuniyar kirki ce. Duk mako biyu take zuwa, a bayan babur, da sikelinta da tef ɗin auna damtse da babban littafi a cikin jaka. Wanda ya san hanyarmu da damina ya san abin da hakan ke nufi. Akwai ranar da babur ya kasa haye rafi, ta tuɓe takalmi ta ƙarasa da ƙafa. Ita ta koya wa matata Hajara yadda ake haɗa kunun gyaɗa da garin zogale. Ita ta tsaya sai da aka cika wa yaron allurarsa ta rigakafi. Lokacin da gudawa ta kama shi yana ɗan wata tara, ruwan gishiri da sukarin da ta nuna musu ne ya riƙe shi har aka kai shi asibiti. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta cika yabon mutanen gwamnati ba, amma ita da bakinta take cewa, "Wannan yarinya ta Rabi, Allah ya yi mata albarka." Duk wanda zai karanta abin da ke ƙasa, ya riƙe wannan tukuna.

Na biyu, tambayar da aka yi wa wadda ba za ta iya amsawa ba.

Abba yana da shekara ɗaya da wata biyu ya yi wani zazzaɓi mai zafi da bazara, har wuyansa ya sandare. Ya yi kwanaki a asibiti, Allah ya tashi kafaɗunsa. Kafin ciwon yana gwaranci, yana kwaikwayon kukan awaki. Bayan ciwon sai ya yi shiru. Kowa ya ce jiki ne bai gama dawowa ba.

A fom ɗin da Malama Rabi take cikewa akwai layin da ke tambaya ko yaro yana waiwayowa idan uwarsa ta kira sunansa. Ƙa'idar ita ce a tambayi uwa. Hajiya, ke 'yar ƙasar nan ce, ba sai na yi miki dogon bayani ba. Abba ɗan fari ne. Hajara kuwa 'yar Fulanin wajen Badafi ce, gidansu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, na yanka ko na gida. In za ta ambace shi sai ta ce "wannan" ko "na Inna". Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna tana kallonsa. Nono ma sai ta juya baya take ba shi. To wannan ce aka zaunar a tsakar gida, a gaban surukarta, aka ce mata in ta kira sunansa yana waiwayowa? Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane. Inna ce take amsawa. Inna kuma ba ƙarya take yi ba a nata ganin. Ta ce yaro yana ji sarai, da ta fara daka yake rarrafowa wajen turmi. Ba ta san ta ƙasa yake jin dukan taɓarya ba. Haka aka yi ta sa alamar "e" a layin nan wata da watanni.

Alhali Hajara ta sani. Daga baya ta gaya mini wata rana ta saki kwanon sha a bayansa da gangan, babu kowa a gidan, ko gezau bai yi ba. Ta sake, har sau uku. Amma in ta faɗi haka a gaban Inna, ai ta nuna ke nan tana bin ɗan farinta da ido. Sai ta bi ta inda take ganin akwai hanya, ta gaya mini a waya. Ba kai tsaye ba, yadda ta iya. Ta ce, "Wannan na Inna, kamar ba ya kula mutane." Ina tsaye a bakin wani shago ana sauke kaya. Na yi dariya na ce miskili ne, halin mai sunansa ya ɗauko. Sai ta tambaye ni ya ruwan sama a can. Ba ta sake tayar da maganar ba. Wannan ba laifin fom ɗinku ba ne, nawa ne, kuma na rubuta shi a nan don kada wani ya ce na ɓoye.

Amma fom ɗin ma yana da nasa. Wanda ya tsara tambayar ya ɗauka kowace uwa tana kiran sunan ɗanta. A ƙauyukanmu kuwa, daga Dangora har ka dangana da Doguwa, akwai uwaye da yawa da ba sa yi, kuma su ne sababbin haihuwa, waɗanda suka fi kowa bukatar a taimaka musu su gane abin da suke gani.

Na uku, rubutun gefen takarda.

Malama Rabi ta fara zargi. Wata ziyara, yaron yana kusa da shekara biyu, ta zagaya bayansa ta tafa hannu da ƙarfi. Bai juyo ba. Ta gaya wa mutanen gida ya kamata a kai shi a duba kunnensa. Inna ta ce mata jinkirin magana gadon gidan ne, ubansa ma sai da ya shekara uku ya buɗe baki, ga shi yanzu ba a iya tsayar da shi. Wannan ma gaskiya ne, haka aka ce na yi. Malama ta nemi inda za ta rubuta abin da ta gani, babu gurbinsa a fom. Layin yana karɓar "e" ko "a'a" ne kawai, kuma amsar uwa ake sawa, ba ganin ma'aikaciya ba. Sai ta rubuta da biro a gefen shafin: a duba kunne. Na ga rubutun nan da idona a bana, ita ta buɗe mini littafin. Yana nan, kalmomi uku ƙanana, a karkace. Da aka zo kwashe bayanan littafin zuwa kwamfuta a ofis, abin da ke cikin layi aka ɗauka. Na gefe ya zauna a gefe.

Ba da jimawa ba aka yaye shi. Kamar yadda aka saba, aka kai shi wurin kakarsa ta wajen uwa, a rugarsu ta wajen Badafi. Da rani kuma suka yi kudu da shanu, wajen Doguwa, da shi. Ɗan fari in ya je yaye ba a gaggawar dawo da shi, wani ma can yake girma. Malama Rabi tana zuwa gidanmu ta tarar ba ya nan. Ta tambayi ofis ko za a sanar da ma'aikaciyar wancan yanki, aka ce mata rajista da gida take tafiya, ba da yaro ba. Sai ta ci gaba da zuwa tana gaisawa da Hajara, tana tambayar lafiyarsa, ana ce mata yana lafiya, tana sa hannu. Ziyara ta cika a takarda, yaro kuwa yana nisan tafiyar yini.

Na huɗu, ranar tantancewa. A nan ne abin da ya fi yi mini nauyi yake.

Mako guda kafin zuwan tawagar aka aiko wa mai unguwa cewa baƙi za su zo duba aikin shirin. Kafin kwana biyu magana ta zagaye gari cewa in aka samu ƙorafi za a janye shirin daga mazaɓar, a sallami Malama Rabi. Ban san wanda ya fara faɗin haka ba, kuma ba wanda ya zo daga ofishinku ya ce ba haka ba ne. Yayana Sale, wanda muke gida ɗaya da shi, ya kira ni ya gaya mini. Ni kuma na sa aka ba Hajara waya. Na ce mata, "Kada ki ɓata wa baiwar Allah aiki. Duk abin da suka tambaye ki, ki ce lafiya lau." Ta ce to. Ita dai kullum to take cewa.

Suka zo su uku, maza biyu da mace ɗaya, da kwamfutar hannu. Aka shimfiɗa musu tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, aka tara mata. Mai unguwa yana zaune, Malama Rabi tana tsaye a gefe. Aka tambayi matan sau nawa take zuwa, suka faɗa. Aka tambaye su ko sun gamsu, suka ce alhamdu lillahi. Ranki ya daɗe, wace mace ce a ƙauyenmu za ta ce ba ta gamsu ba, ga mai unguwa, ga surukarta, ga kuma wadda ake magana a kanta tana kallonta?

Daga nan suka zaɓi gidaje kaɗan da za su shiga su ga yaran da idonsu. Gidanmu yana ciki. Suka karanto sunan Idrisu Haruna, suka ce a kawo shi. Yana Doguwa. Inna ta ga baƙi sun taso tun daga birni, sun shigo har tsakar gida, an ba su ruwa, a ce musu yaron ba ya nan su tashi hannu banza? Kuma ga maganar da ake yi cewa duk gidan da aka samu giɓi, a kan Malama zai faɗa. Sai ta leƙa ɗakin matar Sale ta riƙo hannun ɗansu Nura, wanda ya girmi Abba da wata biyar, ta ce ga shi. Da na yi mata magana daga baya, cewa ta yi, "To ba duk jikokina ba ne? Wanne ne ba na gidan ba?"

Hajara tana bakin murhu, ba ta ɗago ba. Malama Rabi tana waje, don an ce ta tsaya a ƙofa kada ta sa baki. Ba wanda ya nemi katin yaron, ba wanda ya tambayi uwar ko wannan ne nata. Macen cikin tawagar ta fito da wata 'yar ƙararrawa daga jaka, ta kaɗa a bayan kunnen Nura na dama, ya juyo. Ta kaɗa a na hagu, ya juyo yana dariya yana miƙa hannu. Ta nuna masa hoton akuya da na kaza, ya faɗi sunansu, har ya ƙara da cewa tasu akuyar ta fi wannan girma. Suka yi dariya, suka shafa kansa, suka danna abin da za su danna. A ranar aka rufe shafin ɗana.

Ƙararrawar nan ita ce take hana ni sukuni. Ashe kuna da abin gwajin. Ashe a cikin jaka yake, ya shigo har tsakar gidanmu. Da ɗana ne a kan tabarmar nan, da a cikin minti ɗaya an gane, yana ɗan shekara biyu da rabi.

Da yamma Sale ya kira ni yana ba ni labari yana dariya, wai Nura ya ci jarrabawar Abba. Ni ma na yi dariya. Na ce Allah ya rufa asiri. Haka na ce.

Na biyar, yadda na gane.

Za ki ce sama da shekara uku uba bai lura ba? Ban lura ba. In na zo sallah kwana shida nake yi. Ranar da zan je gaida surukai, in sun dawo kusa, nakan zauna a wajen ruga a kan buzu, kaina a ƙasa. A kawo yaron, in dube shi da gefen ido, in ce ya girma. Ni ma ɗan farina ne, ba zan ɗauke shi ina juyawa a gaban surukina ba. Su kuma can sun riga sun saba da shi, da hannu suke yi masa nuni, suna cewa mai shiru-shiru ne, bakinsa zai buɗe in lokaci ya yi. Kowa yana jin nauyin kowa, yaro yana girma a tsakiya.

Da babbar sallar da ta wuce na je rugar. Ina zaune da surukina da hantsi, Abba yana tsugune a kan turba yana haƙa rami da tsinke. Wani mai babur ya taho ta bayansa da buhu biyu, yana ta danna oda tun daga nesa. Mata suna ihu, kakarsa tana kiransa, karnuka suna haushi. Yaron nan bai ɗaga kai ba. Mai babur ya kauce ya faɗa cikin kara. Sai da ƙura ta bule shi sannan ya waiwaya, yana kallonmu yana mamakin abin da ya sa kowa ya miƙe. Na je na durƙusa a bayansa, na kira shi da ƙarfin da ban taɓa kiran wani da shi ba. Ina ganin bayan wuyansa, ko motsi.

Washegari na kai shi wani asibiti a Kano, ni da Hajara. Likitan ya gwada shi ya ce kunnen dama ya tafi, na hagu akwai ɗan saura, kuma mai yiwuwa zazzaɓin nan ne sanadi. Ya tambaye mu ina muke tun tuni. Ya ce shekarun da yaro yake ɗaukar magana su ne waɗannan da suka wuce, amma da na'ura da koyarwa har yanzu ana iya ceto wani abu, in ba a ƙara ɓata lokaci ba. Ya ce tun da yankinmu akwai shirinku, hanya mafi sauƙi ita ce ku turo shi. A mota, wajen Kwanar Dangora, Hajara ta ce da ni a hankali, "Na gaya maka fa."

Na shida, ofishinku.

Sau uku na je cikin kwanakin da suka rage mini, har na ƙara kwana huɗu a kan hutuna. Zuwan farko aka ce mai kula da rajista ya tafi taro. Na biyu na same shi, ya buɗe kwamfuta, ya juyo mini da ita ya ce, "Malam, ga shi nan, yaronka lafiyarsa ƙalau, tawaga ta gani da ido." Na ce masa yaron yana waje tare da uwarsa, ya fito ya kira shi ya gani. Ya ce shi ba likita ba ne. Na nuna masa takardar asibiti. Ya karanta, ya ce ya tausaya, amma shafin da tawagar tantancewa ta rufe ba shi da ikon buɗewa, rahoto ya riga ya tafi sama. Zuwa na uku na gaya masa gaskiyar abin da ya faru, cewa ɗan yayana aka auna. Ya dube ni ya ce in haka ne mu muka yaudari hukuma, kuma in maganar ta fita Malama Rabi ce za ta fara amsa tambaya. Ya ba ni shawara in bar ta a nan. Ban ce mugun mutum ba ne. Ya ba ni kujera, ya yi mini magana da mutunci. Amma na fito da abin da na shiga da shi.

Na je na sami Malama Rabi a gidanta na gaya mata zan rubuta wannan takarda, kuma sunanta zai fito. Ta ce in rubuta. Ta ce tun ranar da ta ji wanda aka auna take son ta yi magana, tsoro ya hana ta, kuma ba ta ƙara samun natsuwa da littafin nan ba.

Hajiya, na yi ta tunanin abin nan a kan titunan garin mutane, ina jiran a buɗe hanya. Ba wanda ya nufi ɗana da sharri. Inna ta so ta fita kunyar baƙi. Hajara ta kiyaye abin da aka tarbiyyantar da ita a kai. Malama ta rubuta a inda ta samu wuri. Tawaga ta auna yaron da aka miƙo mata. Ni na so in kare aikin wata baiwar Allah. Ni ne na fi kowa laifi, don ni aka gaya wa, kuma ni ne nake da bakin da za a ji. Amma ku ne kuka zo da sunan masu dubawa. Aikin mai dubawa shi ne ya gano abin da mutanen gida suka kasa faɗa. Tantancewarku ta ƙirga sau nawa aka zo, ba ta tambayi me aka gani ba. Ta tambayi ko mun gamsu, a wurin da ba a isa a ce a'a ba. In da irin wannan awon za ku faɗaɗa shirin, to za ku samu sakamako mai kyau a ko'ina, ko da me ke faruwa a cikin gidajen.

Ga abin da nake roƙo.

Ɗaya, a buɗe shafin Idrisu Haruna, a gyara abin da aka rubuta, a tura shi sashen masu lalurar ji kafin ya cika shekara biyar. Takardar asibiti tana hannun yayana Sale, littafin Malama Rabi yana nan da rubutunta. In ana bukatar shaida cewa ba shi aka auna ba, zan ajiye mota in zo in faɗa a gaban mai unguwa da duk wanda kika wakilta. Inna ma ta ce a gaya muku ita ta riƙo hannun yaron, kuma za ta maimaita a duk inda aka kira ta. Tsohuwa ce, ba ta saba tsayawa a gaban hukuma ba, amma ita ta ce a rubuta.

Biyu, kada a hukunta Malama Rabi. A duk cikinmu ita kaɗai ce ta zagaya bayan yaron ta tafa hannu. In za a tuhumi wani, a fara da ni.

Uku, abin da ya shafi ji da gani, a daina tambaya, a gwada. Ƙararrawar da ke jakar tawaga a ba kowace ma'aikaciya irinta tun ziyarar farko, musamman ga yaron da ya tashi daga zazzaɓi mai zafi. A kuma buɗe mata gurbi a fom inda za ta rubuta abin da idonta ya gani, ko da ya saɓa da amsar mutanen gida, kuma wani ya karanta shi.

Huɗu, uwar ɗan fari a keɓe da ita. Mace ta shiga ɗaki da ita su biyu, ba suruka, ba mai unguwa. Kada a ce mata "ɗanki", a ce "yaron nan", za ta yi magana. Matanmu ba rashin lura ne da su ba, wurin faɗa ne ba su da shi.

Biyar, in an kai yaro yaye ko iyayensa sun tashi da shanu, sunansa ya bi shi zuwa ma'aikaciyar inda ya koma. Masu tantancewa kuma su riƙa neman katin yaro, su daina aiko da sanarwa mako guda kafin su zo, su kuma faɗa wa jama'a da bakinsu cewa ƙorafi ba zai kori kowa daga aiki ba. Da an faɗi wannan jimla ɗaya a ƙofar gidan mai unguwa, da ban yi wayar da na yi ba.

Waɗannan huɗun na ƙarshe shawara ce, kuna da masana da suka fi ni sanin yadda za a yi. Na farkon shi ne nawa, kuma shi ne ba ya jira.

Abba yana gida yanzu, Hajara ta je da kanta ta ɗauko shi. Sale ya gaya mini ta wanke kayansa kala biyu ta ninke a cikin jaka, da katinsa da takalminsa, ta rataye a bayan ƙofa, wai ko za a aiko a ce a kawo shi. Duk ranar da ta ji ƙarar mota a bakin gari sai ta aika a dubo. Saboda haka ina roƙonki, ranki ya daɗe, ko amsar a'a ce, a ba mu ita a rubuce, kuma da wuri. In kun buɗe shafin, cikin yini ɗaya za a kawo shi. In ba za ku buɗe ba, in sani, in nemi wata hanyar tun da sauran lokaci, in kuma samu abin da zan gaya wa uwarsa ta sauke jakar nan.

Allah ya taimake ki a kan amanar da aka ɗora miki, ya haɗa ki da mataimaka masu gaya miki gaskiya. Allah ya raya miki zuriya, ya kare su daga abin da ba a gani da wuri. Allah ya saka wa ma'aikatanku da ke shiga ƙauyuka da alheri. Mu kuma da muka yi shiru a lokacin magana, Allah ya yafe mana.

Wassalam.

Naki cikin girmamawa,
Haruna, mahaifin Idrisu,
daga Fatakwal.